Kwandon Yamma

Litinin, da hantsi

Ko jaka ban ajiye ba aka ce Darakta na nemana. Na tarar da Lauya a zaune, Shugaban ƙungiya kuma a tsaye bakin taga, ya ba mu baya. Darakta ya ce, "Malama, sanarwa muke so kafin rana ta take. Gajeriya."

Abin da na tabbatar: mambobinmu shida suna asibiti da amai da gudawa tun ranar Asabar. Dukansu tsofaffi ne. Dukansu sun karɓi kwandon yamma ranar Juma'a a reshe na ɗaya, kuma kowane kwando da kaza a ciki.

Na daɗe a gidan jarida kafin in dawo nan in zama bakin ƙungiya, na san tambayoyin da ake fara yi: me ya faru, a ina, yaushe, wa ya yi. Na yi ukun farko. Ta huɗun ban yi ba, su ma ba wanda ya taɓo ta. Lauya dai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "In kina ganin gara wani ya rubuta, ba laifi." Na ce aikina ne.

Na rubuta "hukumar reshen tana bincike". Darakta ya soke da jan biro, ya sa "an dakatar da manajan reshen". Tasa ta fi tawa fitowa fili, dole in yarda.

Litinin, da yamma

Manajan reshen bai ɗauki waya ba.

Na sake karanta layin nan na ji kunyar kaina. Littafina ne, ba mai soke mini da jan biro. Auta bai ɗauki waya ba. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na goya har ya iya tafiya.

Talata, da rana

Tsohon editana yakan ce in abu ya rikita ka, rubuta shi kamar za ka ba baƙon da bai taɓa jin labarin ba. To.

Mu ƙungiyar gama-kai ce. Kantunanmu sun haura arba'in, ga babban sito, ga motocin rarraba kaya. Ba mu da mai gida. Masu saye su ne masu kantin. Kowane mamba kati ɗaya, kowane kati ƙuri'a ɗaya, ko kai ne Darakta ko mai gadi. Duk wannan daga shago ɗaya ya taso, wanda yanzu ake kira reshe na ɗaya, da wasu mata da ma'aikatan masaƙa suka haɗa hannu suka buɗe. Innarmu na cikinsu. Katinta har yau na kwali ne, ta ƙi a canza mata da na roba.

Kwandon yamma su suka fara shi. Idan an kusa tashi, duk abin da kwanansa ya kusa ƙarewa, burodi ne, madara ce, kayan lambu ne, ba a zubarwa. Sai a raba a kwanduna a ba tsofaffin mambobi kyauta. Ba a taɓa rubuta shi a kundin dokoki ba. Magana ce kawai da kowane sabon ma'aikaci ke ji tun makonsa na farko: abinci ba ya shiga shara muna da tsoho a unguwa. Abin da kundin ya rubuta daban ne: kayan sanyi in ƙanƙararsa ta narke a hanya, a zubar.

Shekara da shekaru maganganun nan biyu suna zaune gida ɗaya ba su taɓa karo a ƙofa ba. Ranar Juma'a suka yi.

Laraba, bayan tashi daga aiki

Na sami Auta gidan Inna, kwance a doguwar kujera da rigar aiki, kamar wanda zai koma yanzu-yanzu.

"Yaya, ke kika rubuta sanarwar?"

"Ni na buga."

"Ta yi kyau. Ba kuskure ko ɗaya."

Na ce ya ba ni labarin daga farko, kada ya tsallake komai. Injin sanyin motar da ta kawo kajin ne ya mutu a hanya, direba ya iso da yamma maimakon da safe. Ma'aunin sanyi na reshen yana hedikwata wurin gyara tun watan jiya. Sai Auta ya buɗe kwali ya sa bayan hannu.

"Da sanyi, Yaya. Wallahi da sanyi. Ƙanƙarar ce kawai ta saki."

"To me ya hana ka zubarwa?"

"Kwalaye na kaji guda-guda? A shara? Ma'aikatana na kallo?" Ya tashi zaune. "Cewa na yi ba zan sayar wa kowa ba tunda ina da shakka. Kin gane? Tsoron Allah na ji. Na ce a sa a kwando, ai yau za su dafa."

Waɗanda suka dafa a ranar ba abin da ya same su. Sauran sun ajiye sai washegari, don tsoho ba ya cin kaza guda shi kaɗai, sai ya jira jikoki. Allah ya taƙaita, jikokin ba su sha wuya sosai ba. Tsofaffin ne jikinsu bai ɗauka ba.

Ina sauraronsa, wani sashe na kaina yana ta gyara labarin, yana neman kanun labari. Ban iya kashe wannan sashen ba.

Inna tana kicin duk tsawon hirar. Na ji lokacin da ludayi ya daina taɓa tukunya.

Alhamis, da safe

Biyar sun koma gida. Saura Baba Tela, wanda ya ɗinka mana kayan makaranta ni da Auta. An ce ƙoda.

Juma'a, da rana

Dogo ya kira. Ni na koya masa aiki lokacin da ya zo gidan jarida bai iya rubuta sakin layi ba.

"Edita! Ko yanzu Kakaki za mu ce?"

"Dogo, in gaisuwa ce na amsa, in tambaya ce yi."

"Motar da ta kai kajin, reshe ɗaya kawai ta je?"

"Ana bincike."

"Ke kika koya mini in an ce ana bincike in tambayi wa ke binciken."

"Kwamiti."

"Kuma kika ce in an ce kwamiti in rufe littafi in tafi gida." Ya yi dariya, sai kuma ya rage murya. "Yaya ƙanin namu?"

"Wannan ta bugawa ce?"

"Haba, Edita."

Na ce yana nan lafiya. Na kasa kunne ko zan ji motsin biro, ban ji ba. Amma Dogo ba ya buƙatar biro.

Asabar, da hantsi

Ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida, suna neman ragowar kazar don gwaji. Kowa ya cinye ko ya zubar. Na manta Inna ma tana karɓar kwando, sai da suka yi sallama a ƙofarta muna zaune. Ta tashi ta buɗe firji, ta ciro tata a leda, ko taɓawa ba ta yi ba. Ta miƙa musu da hannu biyu.

Bayan sun fita Auta ya ce, "Inna, da kin jefar tun ranar."

"Ni na iya jefar da abinci? Kai a wurin wa ka koya?"

"To da kin ce babu."

"Da furfurar tawa?"

Ta kawo masa shayi, ta sa masa sukari da yawa yadda yake so.

Na lura na fara sa bayan hannu a jikin duk abin da na ciro daga firjina. Komai da sanyi nake jin sa.

Litinin, da rana

Sakamakon gwaji ya fito. Kazar ce.

Lauya ya tara mu ya ce kamfanin inshora ya ba mu ƙofa biyu, ba ta uku. Ta ɗaya: mu ce ma'aikaci ne ya karya rubutacciyar doka, a sallame shi, kwando ya ci gaba amma ban da kayan sanyi. Ta biyu: mu amsa cewa al'adar ƙungiya ce ta jawo, manaja ya koma aikinsa da takardar gargaɗi, amma a soke kwandon yamma a duk rassa, har abada. In ba mu zaɓi ɗaya ba za su janye, kuma ba kantin da zai buɗe ƙofa ba inshora.

Shugaba ya daɗe yana juya hularsa a gwiwa. Sannan ya ce, "Ni ba zan ɗauki wannan ni kaɗai ba. Zaɓena aka yi, ba gado na ci ba. Masu kanti su yanke."

Taron gaggawa ranar Lahadi a babban sito. Ni zan rubuta ƙudurorin biyu, da harshen da kowace tsohuwa za ta gane. Lauya ya sake dubana ta saman tabarau. Na riga shi: aikina ne.

Matar Auta ciki gare ta, ga yara biyu a makaranta. A sana'armu, wanda aka kora kan gurɓataccen abinci ko shagon bakin titi ba ya ɗaukarsa. Na rubuta wannan ne don baƙon da bai san labarin ba.

Talata, da safe

Na shiga wurin Darakta ba a kira ni ba.

"Yallaɓai, akwai ƙofa ta uku. Motar. Da ma'aunin da ya yi wata a ginin nan."

Ya tashi ya rufe ƙofa da kansa, ya ja mini kujera, abin da bai saba ba. Ba mugun mutum ba ne, ina so in rubuta wannan don kada in manta. Idanunsa sun faɗa kamar na kowa.

"Malama, mota takan lalace. Ai domin ranar da za ta lalace aka rubuta dokar. Sauran rassan da ta je, me suka yi da nasu?"

"Sun zubar, aka ce."

"Sun zubar." Ya dube ni har na kawar da kai. "Yanzu da wa nake magana, da jami'ar yaɗa labarai ko da yayar manaja?"

Na ce da jami'ar. Ya ce to jami'ar ta san amsa.

"Aka ce" na faɗa. Ban ga sharar da idona ba, ban yi magana da direban ba, an ce yana hutu. A da ba na buga abin da aka ce.

Laraba, da yamma

Na gama ƙudurorin. Tsawonsu ɗaya.

Alhamis, daf da tashi

Na je reshe na ɗaya da sunan ɗaukar hoto. An dakatar da kwando har sai an yi taro. Kwandunan suna kife a kan juna bayan kekunan tura kaya. Amma tsofaffin sun zo. Suna zaune a bencinsu na ƙofar baya, kowa a gurbinsa, da jakunkuna a ninke kan cinya.

Wata ta kama mini gefen mayafi. "Yarinya, ke ce ta hedikwata? Duba mini nan." Ta ciro kwalbar magani. "Likita ya ce kada in sha ciki ba komai. To da me zan sha?"

Wani tsoho mai sanda ya ce, "Ni ku ba ni kazar ma. Shekara arba'in ina cin girkin matata, me kaza za ta yi mini?"

"Allah ya ji ƙanta, ba ta nan shi ya sa kake baki," in ji ta kusa da shi. Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi.

Babbar kashiya ta ja ni gefe, ta kai ni bayan gini. Ma'aikata biyu suna juye burodi a shara, sun juya wa bencin baya. Manajan riƙo da aka turo daga hedikwata ya sa a riƙa zuba ruwan sabulu a kai don kada wani ya tsinta.

"Burodin jiya ne fa, Hajiya," in ji ta. "Lafiyarsa ƙalau." Sai ta ƙara da cewa, "Ki gaishe mana da Oga, ƙaninki. Ki ce... ki gaishe shi kawai."

Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Juma'a, da yamma

Gidan Inna. Na ce wa Auta ina da mutane a rassa da yawa, waɗanda kwando bai dame su ba. In na ɗaga waya, za su cika sito ranar Lahadi.

"Kada ki kira kowa."

"Auta, ka yi tunanin yara."

"Na ce kada ki kira." Ya ɗauki makullin mota ya nufi ƙofa, sai ya tsaya bai juyo ba. "In ma kin kira, ai ba zan sani ba."

Bayan ya tafi Inna ta ce in karanta mata ƙudurorin. Na karanta. Ta ce in sake, a hankali. Na sake. Ta rufe ido tana saurare, yadda take jin labarai a rediyo.

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

"Na ji hannunki. Ba ki karkata ba."

Ban san ko yabo ba ne. Na ce, "Inna, ba dole ki je ba. Ƙafarki."

"Ƙafata ta kai ni taron farko, lokacin muna zaune a kan buhuna. Ki zo ki ɗauke ni da wuri, ba na son kujerar baya."

Asabar, da safe

Baba Tela ya farfaɗo, har ya nemi shayi.

Asabar, da yamma

Ban kira kowa ba. Wayar ta yi zafi a hannuna.

Lahadi, bayan taro

Zan rubuta shi yadda ya faru.

An ture kayan sito gefe, an jera kujeru tsakanin tulin buhunan shinkafa da kwalayen sabulu. Wurin ya cika har bakin ƙofar da motoci ke shiga. Auta ya yi magana a taƙaice: ya ce shi ya taɓa, shi ya ce da sanyi, ba wanda ya sa shi. Sannan aka ce ya fita ya jira a waje, haka ƙa'ida take.

Wani malamin makaranta ya tashi ya tambayi motar. Shugaba ya ce kwamiti na dubawa. Daga can baya na hango Dogo yana rufe littafinsa.

'Yar Baba Tela ta karɓi makirufo. Kowa yana jiran zagi. Ta ce, "Ni da son raina ne, da ba wannan zan faɗa ba. Amma Baba ya aiko ni. Ya ce a gaya wa yaron ya yafe. Kuma ya ce a tambaya, in ya fito, kwandon nasa yana nan?"

Babbar kashiya ta tashi ta ce su ma'aikatan reshe na ɗaya, da ranar su ne a wurinsa, abin da ya yi za su yi, don haka aka koya musu. Wasu suka tafa. Tsohuwar nan mai kwalbar magani ba ta tafa ba.

Ni na karanta ƙudurorin. Na sauka na ɗauki kyamara, don hoton ƙuri'a ne ke zuwa shafin farko na mujallar mambobi kowace shekara.

Shugaba ya ce masu goyon bayan na ɗaya, a sallami manaja kwando ya ci gaba, su ɗaga kati.

Ta cikin kyamara nake kallo. Katunan roba suka tashi, farare, kamar an buɗe kejin tantabaru. A layin gaba akwai na kwali guda ɗaya. Mai shi ta dafa sandarta ta miƙe tsaye kafin ta ɗaga.

Da aka kira na biyu ma an ɗaga, ba laifi. Ma'aikata ne yawanci. Ba su kai ba.

Lahadi, da magariba

Auta ne ya mai da mu gida. Inna a gaba, ni a baya. Sai da muka yi nisa, a wurin danja, ya ce, "Inna, kin ɗaga?"

"Na ɗaga."

"Wanne?"

"Ka sani."

"Sosai kika ɗaga, ko rabi-rabi?"

"Har sama. Tsaye na tashi, don kada wani ya ce a ɓoye na yi."

Ya gyaɗa kai. Danja ta ba da hannu, na bayanmu ya yi ham, bai motsa ba sai da ya share fuska da hannun riga. Inna ta ɗora tafinta a kan gwiwarsa, ta bar shi nan har muka isa.

"Gobe ka kawo mini yaran," in ji ta. "Da uwarsu. Ɗakin baya a share yake."

"To, Inna."

Ya dube ni ta madubi. "Ke fa, Yaya? Wanne?"

"Ina ɗaukar hoto."

"Duka biyun?"

"Hannuna biyu na kan kyamara."

Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. "'Yar jarida," ya ce.

Inna ba ta juyo ba.

Talata, da hantsi

Kwando ya dawo jiya a duk rassa, ban da kayan sanyi. Babbar kashiya ta ce bencin ya cika, har an ƙaro kujeru. Ma'aunin reshe na ɗaya ma ya dawo, an gyara.

Darakta ya zaɓi hoton shafin farko da kansa. Ya sa yatsa a kan na kwalin ya ce, "Wannan. Uwar ƙungiya ke nan." Hoton ya fito sosai, haske ya faɗi daidai a hannunta, har jijiyoyin ana gani. Na rubuta a ƙasansa: Mambobi yayin kaɗa ƙuri'a a babban sito. Ba kuskure ko ɗaya.

Ina neman biro a jaka na ci karo da katina. Yana aljihun waje, inda na sa shi tun ranar Asabar don ya yi sauƙin cirowa.